DAGA ILLELA ZUWA FILIN JIRGI: WA ZAI BIYA MATAFIYI IN TAFIYA TA ƁACI?

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Garin Illela, wanda ke kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, yana ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da suka haɗa Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Daga shingen kwastan na garin zuwa Birnin Ƙwanni tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Yawancin abin da akan rubuta game da Illela bai wuce maganar kasuwarta ta ran Lahadi ba, da shanu da raƙuma da albasa da hatsin da ke ƙetare iyaka. To amma akwai wani ayari da ba a cika kula da shi ba, wato ma'aikatan gwamnati masu hutun shekara, da ɗaliban da ke komawa gida daga Maraɗi ko Yamai ko Sakkwato, da iyalan da ke zuwa zumuncin Salla a Tawa da Doso, da kuma masu niyyar Umra cikin watan azumi, waɗanda kan biyo ta Gwadabawa da Kware su nufi filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Tambaya guda ce ta haɗa dukan waɗannan mutane. Idan jirgi ya ƙi tashi, ko akwati ya ɓace, ko ciwo ya kama mutum a baƙuwar ƙasa, ko mota ta yi karo bayan an wuce Ƙwanni, ko kuwa aka wayi gari an rufe iyaka, wa zai ɗauki hasarar? Amsar tana cikin takardu iri uku: tikitin jirgi, da takardar inshorar tafiya, da katin inshorar mota na ECOWAS. Kowace daga cikinsu tana da abin da ta ɗauka, tana kuma da inda ta tsaya, kamar dai yadda kowace ƙasa ke da bakin iyakarta. Abin damuwa shi ne, matsalolin da suka fi addabar matafiyin wannan yanki a tsakankanin waɗannan iyakoki suke faɗawa.

HATSARI BIYU DA SAKKWATO BA TA MANTA BA

Mutanen Jihar Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan magana. Ran 11 ga watan Yuli, 1991, wani jirgi samfurin DC-8 da ya taso daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, ya faɗi, dukan mutum 261 da ke ciki suka rasu. Da sunan kamfanin Nigeria Airways aka yi jigilar, amma jirgin da matuƙansa na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair, wanda ya durƙushe cikin 1993. A wancan zamani dokar da duniya ke bi wajen biyan diyyar fasinja ita ce Yarjejeniyar Warso ta 1929, wadda ta ƙayyade diyyar rai a kan abin da aka riƙa ƙiyastawa tsakanin Dalar Amurka 8,300 zuwa 10,000, kafin a ninka shi a wani gyara da aka yi a 1955.

Shekara 15 bayan haka, ran 29 ga watan Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi daf da filin jirgin. Mutum 96 daga cikin 105 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya, har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara ne aka sa hannu a kan Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, wadda ta shigo da Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999 cikin dokokin ƙasar nan, ta kuma shimfiɗa ta har a kan zirga-zirgar cikin gida. Dokar 2022 da ta maye gurbinta ta ci gaba da wannan tsari.

Bisa ga wannan tsari, idan hatsari ya jawo rasuwar fasinja ko rauninsa, wajibi ne kamfani ya ba da kafin-alƙalami na aƙalla Dala 30,000 cikin kwana 30. A tafiyar cikin gida, kamfani ba shi da ikon gujewa biyan hasarar da aka tabbatar har zuwa Dala 100,000. A tafiyar ƙetare ana lissafi ne da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, kuma tun ran 28 ga watan Disamba, 2024, wannan mataki ya kai SDR 151,880, wato wajen Dala 200,000. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba kyauta ce da ake miƙa wa kowa daidai-wa-daida ba; sai magada sun nuna girman hasararsu. Har ila yau yarjejeniyar ta ɗora alhaki a kan kamfanin da ya sayar da tikiti da kuma wanda ya tuƙa jirgin, su biyun, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga masu hawa jirgin haya zuwa Saudiyya. Wa'adin kai ƙara kotu shekara biyu ne, in ya wuce magana ta mutu.

ABIN DA TIKITI YA ƊAUKA

Hatsari, alhamdu lillahi, ba kullum ake yi ba. Abin da ake fama da shi yau da gobe shi ne jinkiri da soke tashi. Alƙaluman da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, ta bayar sun nuna cewa cikin watannin Satumba da Oktoba na 2024 kusan rabin jiragen cikin gida ba su tashi a kan lokaci ba. Kashi na 19 na ƙa'idojin hukumar, waɗanda aka sabunta a 2023, shi ne ya tanadi haƙƙin fasinja a irin wannan hali.

A tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu, kamfani zai ba fasinja abin sha da ɗan abin taɓawa, da damar buga waya. Idan ya kai awa uku, fasinja yana da ikon ya ce ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa. Idan kuwa abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 4 na asuba, to masauki da motar zuwa masaukin suna wuyan kamfani. Wanda aka hana shi shiga jirgi saboda an sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, ko aka soke tashi ba tare da an sanar da shi da wuri ba, yana da diyyar aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti a tafiyar gida, kashi 30 a tafiyar ƙetare, ban da mayar masa da kuɗinsa ko sauya masa wani jirgin. Wanda ya biya da tsabar kuɗi nan take za a mayar masa, wanda ya biya ta banki kuwa cikin kwana 14.

Game da kaya, idan akwati bai iso tare da mai shi ba, akwai kuɗin biyan buƙatar gaggawa, N10,000 a tafiyar gida, Dala 170 a tafiyar ƙetare. Idan ya ɓace ɗungum, iyakar diyya Dala 1,000 ce a cikin gida, SDR 1,519 a ƙetare, wato wajen Dala 2,000, komai tsadar abin da ke ciki, sai fa in tun wurin awon kaya an bayyana darajarsa an biya ƙarin kuɗi. Saboda haka hajiyar da ta zuba gwal a cikin jakar da za a loda a cikin jirgi ta yi ganganci. A tafiyar ƙetare, kayan da suka lalace kwana 7 ne wa'adin rubuta kuka a kansu, waɗanda suka yi jinkiri kwana 21.

Ba a bar waɗannan ƙa'idoji a takarda kawai ba. Cikin watan Disamba, 2024, hukumar ta bayyana matakin hukunta kamfanoni biyar, uku na gida biyu na waje, saboda laifuffukan da suka haɗa da ƙin mayar da kuɗin fasinja cikin wa'adi. A shekarar ce kuma ta buɗe dandalin karɓar koke-koke ta intanet. Wasu ƙasashen ma suna da nasu tanadin da ke amfanar ɗan Nijeriya: dokar Tarayyar Turai ta 2004 tana ba da har Yuro 600 ga fasinjan doguwar tafiya da ya taso daga can, ko da jirgin wace ƙasa ya hau, Saudiyya kuma ta fito da sababbin ƙa'idojinta cikin watan Nuwamba, 2023.

INDA TIKITI YA TSAYA

Duk da haka akwai gurbi uku da matafiyin Illela ya fi faɗawa ciki.

Na farko hazo ne. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya kankama, ƙura kan rufe sararin Sakkwato da Kano da Katsina har matuƙi ya kasa ganin titin sauka. Ƙa'ida ta yafe wa kamfani biyan diyya idan dalilin soke tashi ya fi ƙarfinsa, irin su yanayi da matsalar tsaro. Mayar da kuɗin tikiti ko sauya jirgi yana nan, amma diyya babu. Wannan lokaci kuwa shi ne na hutun ƙarshen shekara, sa'ad da ma'aikata da ɗalibai suka fi yin tafiya.

Na biyu shi ne tikiti biyu. Mutumin Illela da zai fita waje yakan shiga mota zuwa Sakkwato, ya hau jirgi zuwa Abuja ko Legas, sa'an nan ya hau na ƙetare. Sau da yawa tikitin gida daban yake saye, na waje daban, domin neman sauƙi. A idon doka waɗannan yarjejeniyoyi biyu ne da ba su san juna ba. A misali, a ce malamin makaranta ya sayi tikitin Sakkwato zuwa Abuja a kan N150,000, aka soke tashi ba sanarwa. Diyyarsa ta kashi 25 ita ce N37,500. Jirgin ƙetare da ya biya fiye da Naira miliyan ɗaya dominsa ya riga ya tashi, kuma a littafin wancan kamfani shi fasinja ne da bai zo ba. Yana iya zuwa kotu neman hasarar jinkiri, amma diyyar tana da iyaka, kuma kamfani zai kuɓuta in ya nuna ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da tikitin guda ne tun daga Sakkwato, da alhakin kai shi inda za shi yana kan kamfanin.

Na uku dillali ne. Mutane da yawa sukan miƙa kuɗi ga wani sananne a tasha ko a kasuwa, ba rasit, ba shaida, shi kuma ya tura wa wani a Kano ko Legas. In aka soke tashi, kamfani yakan mayar da kuɗi ta hanyar da suka shigo, wato aljihun wakilin da ya biya. Saƙon sanarwar soke tashi ma lambar wayar da aka rubuta wurin saye ake aika wa. Idan lambar dillali ce, kamfani ya fita haƙƙin sanarwa, fasinja kuwa yana can a hanyar Gwadabawa bai san an soke ba.

INSHORAR TAFIYA

Domin cike irin waɗannan gurabe ne aka ƙago inshorar tafiya. Mutum yakan biya kuɗi kaɗan kafin ya tashi, kamfanin inshora kuma ya ɗauki nauyin wasu abubuwa da aka lissafta: jinyar gaggawa a ƙasar waje, ɗauko majiyyaci ko gawa zuwa gida, ɓatan fasfo da kaya, fasa tafiya saboda ciwo ko rasuwar makusanci, wani lokaci har da rasa jirgi na biyu saboda jinkirin na farko. Mai neman bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen ba a ba shi sai ya nuna inshorar da ta ɗauki jinyar aƙalla Yuro 30,000. Abin takaici, da yawa sukan ɗauke ta a matsayin takardar neman biza kurum, su jefa ta cikin jaka ba su ko duba lambar wayar gaggawa da ke jikinta ba. Alhali kuwa yawancin kamfanoni sun shar'anta a sanar da su tun kafin asibiti ya fara babban aiki.

Ma'aikacin gwamnati ya kamata ya san cewa inshorar lafiyar da ake yanka masa a albashi an shirya ta ne domin asibitocin cikin ƙasar nan. Da zarar ya wuce shingen Illela ba ta da aiki. In ciwo ko hatsari ya same shi a hanyar Tawa, aka kai shi asibitin Ƙwanni ko na Galmi, da sefa zai biya daga aljihunsa, kuma duk wanda ke canji a bakin iyaka ya san yadda Naira ta faɗi a gaban sefa tun daga 2023.

Masu zuwa Umra su ne suka fi kowa riƙe inshora ba su sani ba. Tun farkon 2020 Saudiyya ta wajabta ta a kan mai Umra daga waje, ta haɗa kuɗinta cikin kuɗin biza. Cikin watan Janairu, 2023, ma'aikatar Haji da Umra ta ƙasar ta rage kuɗin daga Riyal 235 zuwa Riyal 87, tare da bayanin cewa tana aiki kwana 90, tana ɗaukar jinyar gaggawa har zuwa Riyal 100,000, da hatsari da rasuwa, da wani abu na jinkirin jirgi ko soke shi. Mai Umra da bai san da wannan ba zai iya kwanciya ciwo a masauki yana tsoron kuɗin asibiti, alhali ya riga ya biya.

Akwai kuma masu ƙyamar inshora saboda addini, kuma damuwarsu tana da tushe. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin watan Disamba, 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda garari da ke cikinta, ta kuma nuna inshorar taimakon juna a madadinta. Wannan ita ce takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa cikin asusu guda a taimaki wanda abu ya sama. Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, ta kuma ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin a 2016. Ke nan mafita ta samu, saura a kusanto da ita ga jama'a. Har yanzu dai harkar inshora baki ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar nan ba.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

Inshora ma tana da nata bakin iyaka, kuma a ƙananan rubutun da ke bayan takarda yake. Galibi ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya daɗe da shi, kamar hawan jini da ciwon sukari, sai in an bayyana shi an amince. Ba ta ɗaukar tsabar kuɗi mai yawa. Mafi muhimmanci ga mutanen wannan yanki, galibi ba ta ɗaukar hasarar da yaƙi ko juyin mulki ko umarnin gwamnati ya jawo.

A nan ne tarihin Illela ya zama abin nazari. Sau uku cikin shekara 40 ana rufe wannan ƙofa na dogon lokaci saboda dalilan hukuma. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki cikin watan Afrilu, 1984, lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai watan Maris, 1986. An sake rufewa cikin watan Agusta, 2019, har zuwa ran 16 ga watan Disamba, 2020, sa'ad da aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfun. Sa'an nan bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ran 26 ga watan Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumin rufe iyakokin ƙasa da na sama ran 30 ga watan. Ita ma Nijar ta rufe sararin samaniyarta ran 6 ga watan Agusta, ta buɗe ran 4 ga watan Satumba, abin da ya tilasta wa jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya yin zagaye. An ɗage takunkumin ran 24 ga watan Fabrairu, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ran 13 ga watan Maris, Nijar kuma ta buɗe nata ɓangaren ran 22 ga watan.

Wanda rufewar 2023 ta rutsa da shi riƙe da tikitin tashi daga Yamai, ko ɗalibin da ya zo hutu ya kasa komawa makaranta, ya faɗa ne daidai inda takardun nan suka tsaya. Kamfanin jirgi zai ce abin ya fi ƙarfinsa, ba diyya sai kuɗin tikiti in shi ya soke tashi; in kuwa jirgin ya tashi, fasinja ne ya kasa isowa, to ko wannan ma sai yadda hali ya yi. Kamfanin inshora zai nuna layin da ya cire umarnin gwamnati. Haka ɗalibanmu da ke Sudan suka gani sa'ad da faɗa ya ɓarke a Khartum ran 15 ga watan Afrilu, 2023: Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauki nauyin kwaso su. Darasin a fili yake. A irin wannan rana abin da ke ceton matafiyi shi ne tikitin da ake iya sauya wa rana, da ɗan guzurin da ya ajiye gefe, da kuma sanin inda ofishin jakadancin ƙasarsa yake.

KATIN MOTA NA ECOWAS

Mafi yawan masu ƙetarawa ta Illela a mota suke, don haka takarda ta uku ta fi shafarsu. Yarjejeniyar da shugabannin ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar ran 29 ga watan Mayu, 1979, ita ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. Shekara uku bayan haka, ran 29 ga watan Mayu, 1982, aka kafa tsarin katin inshorar mota a Kwatano, wanda a takardun hukuma ake kira Brown Card. Manufarsa ita ce, in motar wata ƙasa ta yi ɓarna a wata ƙasar, ofishin tsarin na ƙasar da abin ya faru ya biya waɗanda aka cutar, daga baya ya karɓa daga kamfanin inshorar mai motar, don kada a tsare direba da motarsa wata da watanni.

Tun ran 1 ga watan Janairu, 2023, NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga N5,000 zuwa N15,000, ta kai iyakar diyyar dukiyar da aka ɓata Naira miliyan 3, ta kuma haɗa katin ECOWAS a ciki. Sai dai sharaɗi biyu. Na ɗaya, inshorar ta zama ta gaske, domin takardar jabu da ake bugawa a gindin bishiya kusa da ofishin lasin ba ta da kamfanin da ke bayanta. Na biyu, katin yana biyan wanda mai mota ya cutar ne. Gyaran motarsa da jinyar kansa ba sa ciki.

Yanzu kuma sabon lamari ya shigo. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS ran 28 ga watan Janairu, 2024, ficewar ta tabbata ran 29 ga watan Janairu, 2025. A ranar ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, su kuma bar su su yi zirga-zirga ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Wato abin da a da haƙƙi ne na yarjejeniya ya koma rangwame na wucin gadi. Mai hankali, kafin ya tuƙa motarsa ya ƙetara, zai nemi kamfanin inshorarsa ya rubuta masa a fili cewa takardarsa tana aiki a Nijar. Haka nan wanda ya zaɓi tashi daga Yamai ya sani cewa hannun NCAA bai kai can ba. Hukumar jiragen saman Nijar ce zai kai wa kuka, kuma da Faransanci.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Nauyi na farko yana kan matafiyi. Tikiti ya fito da sunansa kamar yadda yake a fasfo, da lambar wayarsa shi kansa. Ya karɓi rasit na duk abin da ya biya. Mai zuwa Umra ya tabbatar kamfanin da zai bi yana da lasin na Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ya kuma nemi a ba shi takardar inshorarsa. In dole ne a sayi tikiti biyu, a bar tazarar kwana guda tsakaninsu, musamman da hunturu. In akwati bai fito ba, kada a bar filin jirgi sai an cika takardar ɓatan kaya an karɓi kwafi. In aka soke tashi, a nemi jami'in kare haƙƙin fasinja na NCAA, a kuma rubuta kuka. Hayaniya a gaban kanta da fasa kujeru ba su taɓa mayar wa kowa da kuɗinsa ba, sai ma su kai mutum hannun 'yan sanda.

Nauyi na biyu yana kan hukuma. Haƙƙin da aka rubuta da Turanci aka ajiye a Abuja bai isa ga tsohuwar da ta taso daga Gada za ta Madina ba. Ya kamata NCAA ta fassara Kashi na 19 zuwa Hausa, da boko da ajami, ta manna shi a filin jirgin Sakkwato, a kuma riƙa karanta shi a gidan Rediyon Rima gab da azumi da hutun ƙarshen shekara. Ya kamata NAICOM ta matsa wa kamfanonin inshora da na takaful su fito da ƙaramin tsari mai araha na kwana 7 ko 14 domin masu ƙetarawa ta ƙasa, a riƙa samunsa a Illela, tun da ba kowa ne ke zuwa Turai ba. Ƙungiyoyin ma'aikata da na ɗalibai suna iya saye a dunƙule, ya fi sauƙi.

Sa'an nan akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 da hedkwatarta a Yamai, shekara huɗu kafin a haifi ECOWAS. Tun da ta girmi ƙungiyar, ficewar Nijar ba ta rushe ta ba. Ita ce ta fi dacewa ta zauna da hukumomin inshorar ƙasashen biyu su fitar da matsaya guda a kan katin mota da jinyar waɗanda hatsari ya rutsa da su, a sanar da direbobi a tashar Illela da ta Ƙwanni. Gwamnatoci kan saɓa su shirya, amma auratayya da zumuncin da ke tsakanin garuruwan nan biyu ba sa jiran sanarwar kowa.

Hutun ƙarshen shekara da azumi ba sa ɓoye ranar zuwansu. Muna fata hukumomin da abin ya shafa da su kansu matafiya za su yi shiri tun da sauran lokaci, domin masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.